Shaidar Mutumin da Ba a Haifa Ba a Shari'ar Tiren Faifai

Idan ka danna maɓallin da ke gaban na'urar kunna faifai, abubuwa da dama ne ke faruwa a cikinta kafin waƙa ko fim ya fara, kuma kusan kowane ɗaya daga cikinsu yana da lauyansa. Wani ɗan ƙaramin inji ne ke juya bel na roba, bel ɗin ya juya wili mai haƙora, haƙoran su sarƙe da wani dogon jerin haƙora da ke ƙarƙashin tire, sai tiren ya fito. Ka ɗora faifai, ka sake dannawa, ya koma. Da zarar ya kai ƙurya, wani karkataccen kwari da aka zuba a jikin roba zai ɗaga sandar da ke juya faifan, ta shiga ramin tsakiyarsa mai faɗin milimita 15, ta ɗauke shi daga kan tiren, sannan wani ɗan murfi mai maganaɗisu ya danne shi ta sama. Sai a lokacin ne hasken leza ke fara karatu. Leza ce ke shan yabo a talla, amma duk wanda ya taɓa sayo sabon fim daga Ƙofar Wambai, yara suka jeru a tabarma, tire ya ƙi fitowa, ya san wane ne mai gida a cikin akwatin nan.

A taƙaice dai, aljihun tebur ne da aka sa wa inji. Kan wannan aljihu manyan kamfanonin Japan da na Turai suka shafe shekaru suna shigar da takardun neman mallakar ƙirƙira a Amurka, kuma idan aka hana su, ba sa tafiya gida, ɗaukaka ƙara suke yi.

Tun daga farko ba a daidaita kan hanya ɗaya ba. Na'urar farko da ta shiga kasuwa, CDP-101 ta kamfanin Sony, wadda aka fara sayarwa a Japan ranar 1 ga Oktoba 1982, da tire ta zo. Ta Philips, CD100, murfi gare ta a sama, ka buɗe da hannunka ka ajiye faifan. Daga baya masu ƙera rediyon mota suka kawo tsaga, inda rola mai roba ke karɓar faifai ta haɗiye shi, domin a mota babu filin da tire zai miƙe ƙafa. Sai kuma masu ɗaukar faifai biyar ko shida a lokaci guda. Kowace hanya da nata ciwon kai. Faifan da aka saba faɗinsa santimita 12 ne, amma akwai ƙaninsa mai santimita 8, kuma dole tsaga guda ta gane wanda aka cusa mata, ta kai shi tsakiya daidai ba tare da ta goge shi ba, alhali motar tana faɗawa rami. Inji kuma kuɗi ne, saboda haka ana son guda ɗaya ya ja tire, ya ɗaga sanda, ya danne faifai, kowane aiki a kan lokacinsa. Injiniyan da ya rage sifirin ɗaya daga na'urar da za a ƙera miliyoyinta ya ci albashinsa da halal. Abin da ya rage shi ne ko ya cancanci gwamnati ta hana kowa kwaikwayonsa har shekara 20.

Dokar Amurka ta ce kasancewar abu sabo bai isa ba. Sashe na 103 na dokar mallakar ƙirƙira, wanda aka kafa a 1952, ya hana a ba da takarda idan bambancin da ke tsakanin sabon abu da abin da aka riga aka sani ya kasance a fili yake ga mai matsakaiciyar gwaninta a wannan sana'a. Kafin a kai ga wannan jimla an sha wuya. A 1851 Kotun Ƙolin Amurka ta zauna kan mariƙin ƙofa, a shari'ar Hotchkiss da Greenwood, ta yanke cewa wanda ya yi mariƙi da yumɓu maimakon katako ko ƙarfe ya yi aikin ƙwararren mai sana'a ne kawai. A 1941, kan abin kunna sigari na mota, kotun ta ce sai an ga walƙiyar hazaƙa a cikin abu kafin a kira shi ƙirƙira. Wannan ya jefa ma'aikata cikin wahala, domin ofishin mallakar ƙirƙira ba shi da ma'aunin walƙiya. Dokar 1952 ta sallami walƙiyar. Sannan a 1966, kan garmar noma, a shari'ar Graham da kamfanin John Deere, kotun ta shimfiɗa matakan da ake bi har yau: a duba abin da aka riga aka sani, a fitar da bambancinsa da abin da ake da'awa, a auna gwanintar 'yan sana'ar, sannan a saurari shaidun gefe irin su cinikin da abin ya yi. Da mariƙin ƙofa da abin kunna sigari da garma aka gina shari'ar da ake yi wa tiren faifai.

Yanzu sai babban shaida, wato mai matsakaiciyar gwanintar nan. Duk shari'ar a kansa take, kuma bai taɓa halartar zama ko ɗaya ba, saboda ba a haife shi ba. Doka ce ta ƙaga shi, ta kuma ba shi halaye na musamman. Ya karanta duk wata takarda da aka taɓa bugawa a fanninsa, a kowace ƙasa, cikin kowane harshe. Alƙali Giles Rich, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara dokar 1952, ya kwatanta lamarin a 1966 da mutum a shagonsa, an rataye masa duk tsofaffin takardun da suka shafi aikinsa a jikin bango. A 1986 wata kotun Amurka ta amince cewa kundin digirin digirgir guda ɗaya tak, da aka ajiye aka kuma yi wa rajista a ɗakin karatun Jami'ar Freiburg ta Jamus, ya shiga cikin abin da jama'a suka sani. Ke nan mutuminmu ya je Freiburg ya karanta shi. A Ingila ma suna da irinsa, kuma wani alƙalinsu, Hugh Laddie, ya bayyana shi da wanda ke jin kowane yare, abin da ke fili ba ya kuɓuce masa, amma ko da tuntuɓe ba ya faɗawa kan sabon abu.

Wannan shi ne mutumin da ake kai wa zanen liba da sifirin a tambaye shi ko ya yi mamaki. In bai yi ba, an ƙi takarda. In ya yi, an bayar. Tun da ba ya magana, wasu ne ke faɗin abin da ya ji a ransa.

Na farkonsu shi ne jami'in tantancewa a ofishin mallakar ƙirƙira, wanda hedikwatarsa ke Alexandria a jihar Bajiniya. Shi ke karanta da'awar mai nema. Ita da'awa, bisa ƙa'ida, jimla ɗaya ce tak, ko da za ta cinye rabin shafi, kuma tana da nata ladabin. Ba a cewa tire. A kan ce "abin ɗauka wanda ke iya kai-komo tsakanin matsayi na farko da matsayi na biyu". Ba a cewa ƙusoshi biyu. A kan ce "fiye da ɗaya", don kada maƙwabci ya sa uku ya tsira. Jami'in kuma an umarce shi ya ba kowace kalma fassara mafi faɗi da hankali zai ɗauka. Saboda haka ana iya shafe shafuka ana muhawara kan ko ƙarfen da ke "haɗe" da wani dole ne ya taɓa shi, ko kuwa ya isa su haɗu ta hannun na uku.

Idan jami'in ya ƙi da'awa sau biyu, ƙofar ɗaukaka ƙara ta buɗe. Hukumar da ke sauraro ta sha canja suna. Tun 2012 ake kiranta da gajeren suna PTAB. Alƙalai uku ne ke zama a kan ƙara, mutanen da suka haɗa ilimin fasaha da na shari'a. Mai nema ya rubuta hujjojinsa, jami'i ya mayar da amsa, mai nema ya amsa amsar. In yana so ya biya kuɗi ya zo da bakinsa, a ba shi minti 20. A ƙarshe hukuma ta tabbatar da ƙin, ko ta soke shi, ko ta raba gardama ta tabbatar da wani sashe ta soke wani. Tana kuma da ikon ta soke dalilin jami'in, ta kawo nata sabon dalilin ƙi, wanda ke nufin mai ƙara ya yi nasara kuma har yanzu ba shi da takarda.

Yadda ake gina ƙin shi ne wurin da sana'ar take. Da wuya a sami tsohuwar takarda guda da ta ƙunshi komai. Da an samu, da magana ta ƙare tun a matakin sabunta. Don haka jami'i kan ɗauko biyu ko uku ya haɗa. Al'adar ofishin ita ce a kira kowace takarda da sunan mai ƙirƙirar farko da ke kanta, sai ka ji hukunci yana cewa an ƙi da'awa ta ɗaya bisa Wane, tare da la'akari da Wane. Mutanen nan biyu galibi ba su san juna ba, a kamfanoni masu gaba suka yi aiki, wataƙila shekara goma ce tsakaninsu, amma a cikin hukunci sai ka rantse tare suka tashi. A ce Wane na farko yana da tire da inji guda, sai dai ba shi da abin tsayar da ƙaramin faifai a tsakiya. Wane na biyu yana da hannaye biyu masu sifirin da ke tsayar da faifai, amma a na'ura mai tsaga. Jami'i zai rubuta cewa a fili yake ga mai matsakaiciyar gwaninta ya ɗauki hannayen na biyu ya dasa a tiren na farko domin ya karɓi faifai iri biyu.

Lauyan mai nema yana da amsoshin da aka gada. Ta farko, wadda kowa ke fara jarrabawa, ita ce Wane na farko ba shi da hannaye, Wane na biyu kuma ba shi da tire. Hukuma tana da amsa a ajiye tun 1981, daga shari'ar Keller: ba a rusa haɗi ta hanyar dukan kowace takarda ita kaɗai. Ta biyu ita ce hannayen na biyu ba za su shiga akwatin na farko ba, sun yi tsawo, za su bugi murfi. Wannan ma Keller ta riga ta rufe ta, domin ba a ce a ciro ƙarfen wannan a cusa cikin wancan da guduma ba; abin tambaya shi ne me takardun biyu za su nuna wa gwani. Mutumin da ya karanta komai ana kyautata masa zaton zai iya rage tsawon hannu.

Amsa ta uku ce ke da haƙora. Idan haɗin zai lalata aikin da aka yi na'urar farko dominsa, to babu mai hankalin da zai yi shi. Tushenta shari'ar Gordon ce ta 1984. Wani ya nemi takarda kan matatar jini mai mashiga da mafita a ƙasa. Ofis ya samo tsohuwar matatar fetur mai mashiga da mafita a sama, ya ce a fili yake a kifa ta. Kotu ta lura cewa matatar fetur ɗin da nauyi take aiki, datti da ruwa su kwanta a ƙasa, in ka kifa ta ta daina tacewa. Aka soke ƙin. Tun daga ranar lauyoyin tire ke neman inda za su nuna cewa shawarar jami'i za ta sa faifai ya maƙale, ko murfin maganaɗisu ya sauko kafin faifan ya iso. A ganina wannan ce hujja mafi gaskiya a duk fagen, domin ita kaɗai ce ke tilasta wa kowa ya bar kalmomi ya koma kan zane, ya bi liba mai lamba kaza ya ga inda za ta je idan wili ya juya.

Shi ma jami'i ba da hannu wofi yake zuwa ba. Littafin aikin ofishin ya tara tsofaffin hukunce-hukunce kan ƙananan dabarun da ba a ɗauka ƙirƙira. Sauya wa maɓalli wuri an gama da shi a 1950, kan injin matsa abubuwa. Juya sassa, mai motsi ya tsaya mai tsayuwa ya motsa, a 1955, kan agogon da ake maƙalawa a sitiyarin mota. Ninka abu ya zama biyu, a 1960. Raba abin da yake haɗe, a 1961, kan murfin jan-baki. Haɗe abin da yake rabe, a 1965, kan birki. Mai karatu zai lura cewa rabawa a fili take, haɗewa ma a fili take. Injiniyan da ya zuba wili biyu a roba guda domin ya rage kuɗi zai tarar da birkin 1965 yana jiransa, in kuma ya sake raba su, jan-baki na nan.

Duk wannan yana da dalili, kuma dalilin ba abin dariya ba ne ƙwarai. Da zarar an nuna maka yadda abu ke aiki, ba ka iya komawa ka zama wanda bai gani ba. Alƙalan sun karanta bayanin mai nema tun daga shafin farko, sun ga amsar, sannan doka ta ce su manta da ita, su koma ranar da aka shigar da takarda su tambayi kansu ko da sun gano ta. Jami'in ma da amsar a hannunsa ya shiga rumbu neman guntayen da za su haɗu su ba da ita. Wanda ya san inda aka binne kuɗi ba ya wahalar haƙa. Domin maganin wannan, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da aka kafa a 1982 ta dage cewa sai an nuna wani abu da ya koyar, ko ya nuna, ko ya zaburar da a haɗa takardun biyu. A aikace wannan ya kai ga mutuminmu, mai jin duk harsunan duniya, ba ya iya ɗaura sifirin a liba sai wani ya rubuta masa izini.

A ranar 30 ga Afrilu 2007 Kotun Ƙoli ta ga abin ya yi yawa. Shari'ar KSR da Teleflex kan totur ɗin mota ce: an ɗauki feda mai matsawa gaba da baya, irin wadda ke cikin tsohuwar takardar Asano, aka maƙala mata na'urar lantarki mai gane yawan takawa. Alƙalan tara baki ɗaya, ta bakin Mai Shari'a Anthony Kennedy, suka ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, a sami sakamakon da kowa ke tsammani, galibi a fili yake. Suka ƙara da cewa gwanin nan yana da matsakaiciyar basira, ba mutum-mutumi ba ne, kuma an yarda ya yi amfani da hankalin yau da kullum. Yana da shekara 55 a doka aka ba shi wannan izini. Ga masu tire labarin bai yi daɗi ba, domin sana'arsu kaf haɗa sanannun abubuwa ce. Wili mai haƙora da sifirin da liba sun girmi kakan kowa, kuma ba su da ɗabi'ar ba da mamaki irin ta sinadaran magani, inda ake haɗa biyu a sami abin da ba a zata ba. Duk da haka kotun ta bar ƙofa: dole jami'i ya faɗi dalilin haɗin da hujja mai ma'ana, faɗin "a fili yake" kaɗai bai wadatar ba. Akwai ƙararrakin da ake ci ta wannan ƙofar.

Turawan nahiyar Turai suna da tasu hanyar, mai tsari kamar lissafi. A zaɓi tsohuwar takarda mafi kusa, a fitar da matsalar da sabon abu ya warware, sannan a tambaya ko gwanin zai yi haka, ba ko zai iya ba kawai. Tsakanin "zai yi" da "zai iya" mutane sun gina gidaje a birnin Munich, inda ofishin nasu yake.

Saura shaidun gefe da Graham ta ambata. Mai nema na iya cewa abin nasa ya yi kasuwa, ko an daɗe ana nemansa, ko wasu sun gwada sun kasa. Sharaɗin shi ne ya nuna cewa cinikin daga ƙirƙirar ya fito, ba daga talla ko araha ba. A nan mai tire yake shiga uku. Zai iya kawo shaidar an sayar da rediyon mota jibgi, amma sai ya samo wanda ya shiga shago ya ce a ba shi mai karkataccen kwarin nan na gefen hagu. Masu saye ƙarar sauti suke tambaya da farashi. Na'urar ɗora faifai in ta yi aikinta da kyau babu mai sanin tana nan, kuma da wuya a kafa hujjar shahara da abin da ba a lura da shi.

Sai batun lokaci. Tun 1995 wa'adin takarda shekara 20 ne daga ranar shigarwa, ba daga ranar bayarwa ba, ko da yake doka na rama wani ɓangare na jinkirin da ofis ya jawo. Tantancewa na cin shekaru, ɗaukaka ƙara ta ƙara nata. A halin nan kasuwa ba ta jira. A 2008 kamfanin Apple ya fitar da MacBook Air babu wurin sa faifai ko kaɗan, waƙa da fim suka koma waya, masu ƙera motoci suka riƙa toshe tsagar ɗaya bayan ɗaya. Takardun da aka shigar a shekarun 1990, lokacin da ake tsananin kokawa kan tire, duk wa'adinsu ya cika. Yau kowa na iya ƙera su ba tare da neman izini ba, in ya sami mai saye.

Wanda ya faɗi a ƙara ma ba a bar shi haka ba. Tun ƙarshen shekarar 2000 ofishin Amurka ke buga yawancin takardun nema wata 18 bayan shigar da su, ko an bayar ko an ƙi. Da an buga, takardar ta shiga cikin abin da jama'a suka sani, gwanin da ba a haifa ba ya karanta ta a daren. Don haka injiniyan da alƙalai uku suka shaida wa a rubuce cewa libarsa ba ta ba kowa mamaki ba, yana iya buɗe wani hukunci bayan shekara biyar ya tarar da sunansa a ciki, an ƙi da'awar wani yaro bisa Wane, tare da la'akari da shi.